Lambar da Ke Jikin Kwalba: Yadda Ake Gwada Man Kariya Daga Rana a Ɗakin Gwaje-gwaje

Man kariya daga rana, wato man da ake shafawa a fata domin ya tare wani sashe na hasken rana kafin ya ratsa ta, yana cikin kayan da mai saye ba shi da hanyar tabbatar da ingancinsu da kansa, domin abin da man yake tarewa ido ba ya ganinsa, jiki kuma ba ya jin sa sai bayan ya gama ɓarna. Mai sayen gishiri zai ɗanɗana, mai sayen yadi zai murza shi tsakanin yatsu, amma wanda ya sayi wannan mai ba shi da abin dogaro sai wata lamba da aka buga a jikin kwalba bayan haruffa uku, SPF, waɗanda suke nufin ma'aunin kariya daga rana. Wannan lacca za ta bi sawun lambar nan har zuwa ɗakin gwaje-gwajen da aka samo ta, domin a ga abin da aka auna, da fatar da aka auna shi a kanta, da kuma abin da ya rage ba a auna ba.

Hasken rana, kamar yadda bakan gizo yake nunawa bayan ruwan sama, haɗin launuka ne da suka fara daga ja suka ƙare a shunayya, kuma abin da ya bambanta launi da launi shi ne tsawon zangonsa, kamar dai yadda masu sauraren rediyo suka san gajeren zango da matsakaicin zango, sai dai zangon haske ya yi ƙanƙantar da ake auna shi da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. A shekarar 1801 wani masanin kimiyya Bajamushe mai suna Johann Wilhelm Ritter ya raba hasken rana zuwa launukansa, ya shimfiɗa takardar da ya jiƙa da wani gishirin azurfa mai yin baƙi idan haske ya taɓa shi, sai ya tarar ta fi saurin yin baƙi a can gaba da shunayya, wurin da ido ba ya ganin komai. Wannan haske na ɓoye shi ake kira ultrabayolet, an kuma kasa shi gida uku. Mafi gajeren zango, UVC, iskar ozon da ke can sama tana shanye shi bai iso ƙasa ba. UVB, mai zango daga kusan nanomita 290 zuwa 320 a doron ƙasa, shi ne mai ƙona fata, yana kuma lalata sinadarin gado na DNA da ke cikin ƙwayoyin halittarta kai tsaye. UVA kuwa, daga 320 zuwa 400, shi ne kusan kashi 95 cikin 100 na ultrabayolet ɗin da ke isowa ƙasa, yana ratsa gilashin taga, yana shiga fata da zurfi fiye da UVB, yana jawo yamushewa da tabo da tsufa kafin lokaci, ba tare da ya sa fata ta yi ja sosai ba. Tun 1992 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hasken rana cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara ga ɗan Adam.

Tunanin auna ƙarfin mai da lamba guda ya samo asali ne daga wani masani Bajamushe, Rudolf Schulze, wanda a 1956 ya kwatanta tsawon lokacin da fata take ɗauka kafin ta yi ja idan an shafa mata mai da lokacin da take ɗauka idan ba a shafa ba. Franz Greiter, masanin haɗa sinadarai da rana ta ƙona shi a 1938 yayin hawan dutsen Piz Buin a kan iyakar Ostiriya da Suwizalan, wanda daga baya ya kafa kamfanin mai da sunan dutsen, shi ya yaɗa wannan ma'auni, sannan hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta rungume shi a 1978. A yau ƙasashe da dama suna bin ƙa'idar da hukumar daidaita ma'aunai ta duniya, wadda ake taƙaita sunanta da ISO, ta fitar da lamba 24444 a 2010, ta kuma sabunta a 2019. Duk da tsaurin wannan ƙa'ida, tushen aikin bai canza daga abin da Schulze ya yi ba: ana ƙona fatar mutum mai rai da gangan, kaɗan-kaɗan, a ga inda za ta fara ja.

Ga yadda abin yake gudana. Ana gayyato 'yan sa kai, aƙalla mutum goma, waɗanda aka yi wa bayani suka sa hannu a takardar amincewa, kuma ba su sha rana a gadon baya ba cikin makonnin da suka gabata. Mutum zai kwanta rub da ciki ko ya zauna ya ba da baya, sai ma'aikaciyar ɗakin gwaji ta zana wurare a fatarsa tsakanin kafaɗa da ƙugu, kowane fili bai gaza murabba'in santimita 30 ba, bai kuma wuce 60 ba, tana kauce wa tabo da tawadar Allah da wurin da gashi ya yi yawa. Daga nan sai ta auna man a kan sikeli mai gane ƙasa da miligiram, domin ƙa'ida ta ce miligiram 2 ne a kan kowane murabba'in santimita, ba ƙari ba ragi, ta yadda fili mai murabba'in santimita 40 zai sami miligiram 80 daidai. Tana ɗiga shi da sirinji ɗigo-ɗigo a ko'ina cikin filin, sannan ta baje shi da yatsa a hankali, ta zagaya, ta bi tsaye, ta bi kwance, cikin ƙasa da minti guda, kuma idan an auna sirinjin aka ga abin da ya fita ya saɓa wa adadin, sai a goge a sake a wani wurin. Ana barin man ya bushe na minti 15 zuwa 30 kafin a kunna fitila.

Fitilar nan kwaikwayon rana ce, tana aiki da iskar zenon, an kuma sa mata gilasan tacewa da ke cire UVC da zafi da hasken da ido ke gani, su bar ultrabayolet mai kama da na ranar tsaka a lokacin bazara. Ana haska ƙananan da'irori biyar ko shida a jere, kowace ba ta fi kan yatsa girma ba, kowace tana samun haske fiye da wadda ta gabace ta da wani kaso ƙayyadadde da bai wuce kashi 25 cikin 100 ba. Ana yin haka a filin da ba a shafa komai ba, da filin da aka shafa man da ake gwadawa, da kuma fili na uku da aka shafa wa wani sanannen mai da aka riga aka san lambarsa, wanda shi ne mashaidin gwajin, domin idan sakamakonsa ya kauce daga inda aka san shi, to akwai matsala a fitila ko a hannun mai shafawa, kuma dole a watsar da aikin gaba ɗaya. Sai mutumin ya sa rigarsa ya tafi gida. Washegari, tsakanin sa'a 16 zuwa 24 bayan haskawa, zai dawo, wani ƙwararre ya duƙa a kan bayansa cikin haske mai kyau, ya nemi da'irar farko da ta nuna ja bayyananne, kuma adadin hasken da wannan da'ira ta samu shi ake kira mafi ƙarancin hasken da ke sa fata ja. Idan, a misali, fatar da ba ta da mai ta yi ja bayan daƙiƙa 10 a ƙarƙashin fitila, wadda aka shafa wa mai kuma sai bayan daƙiƙa 300, to an raba 300 da 10 an sami 30. Ana haɗa sakamakon dukkan mutanen a fitar da matsakaici, kuma idan lambobin sun yi nisa da juna fiye da yadda ƙa'ida ta yarda, sai a ƙara mutane.

Daga wannan lissafi ake gane ma'anar lambar. Mai lamba 15, idan an shafa shi yadda aka shafa a ɗakin gwaji, yana barin kashi ɗaya cikin 15 na hasken da ke ƙona fata ya wuce, wato yana tare kusan kashi 93 cikin 100. Mai lamba 30 yana tare kusan 97, mai lamba 50 kuma kusan 98. Wasu kan kafa hujja da wannan su ce bambancin 30 da 50 ba wani abin a zo a gani ba ne, alhali abin da ya dami fata shi ne hasken da ya wuce ya same ta, kuma a nan mai lamba 30 yana barin fiye da kashi 3, mai lamba 50 yana barin kashi 2, bambancin da yake taruwa ga wanda zai yini a gona shekara da shekaru. Kuskuren da ya fi wannan yawa shi ne ɗaukar lambar a matsayin agogo, mutum ya ce tun da yana ƙonewa cikin minti 10, mai lamba 30 zai ba shi minti 300. Fitilar ɗakin gwaji ƙarfinta ɗaya ne daga farko har ƙarshe, rana kuwa ba haka take ba, domin ultrabayolet na azahar ya ninka na hantsi sau da yawa, ga gumi da shafar tufafi da ke kwashe man. Likitocin fata suna da wata alama mai sauƙi da ba za ta zama baƙuwa ga mutanen da suka saba gane lokacin salla da inuwa ba: muddin inuwar mutum ta fi shi gajarta, to rana tana kan ganiyar ɓarnarta, wanda ya kama tun daga ƙarshen hantsi har zuwa gab da la'asar.

Babban giɓin da ke tsakanin ɗakin gwaji da rayuwa yana cikin miligiram biyun nan. Idan aka lissafa shi a kan jikin baligi gaba ɗaya, ya kai kusan giram 35, wato kimanin cokalin shayi shida zuwa bakwai a shafawa ɗaya, abin da ke nufin kwalba mai mililita 100 ba za ta wuce shafawa uku ba ga wanda zai rufe jikinsa duka. Binciken da aka sha maimaitawa a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa mutane suna shafa rubu'i ne zuwa rabin wannan adadi, domin man yana da tsada, yana da maiƙo, wani kuma yana barin fari-fari a fuska, kuma kariyar tana raguwa sosai da raguwar kauri. Fata ma ba shimfiɗaɗɗen allo ba ce, tana da kwaruruka da tudu waɗanda sai da madubin ƙara girma ake ganinsu, man yakan kwarara ya taru a kwari ya bar tudu kusan tsirara, ta nan kuma haske yake samun ƙofa. Wannan ne ya sa mayuka biyu masu sinadarai iri ɗaya, a adadi ɗaya, suke iya ba da lambobi mabambanta, saboda ɗaya yana kwanciya a fata ya yi shimfiɗa mai kyau, ɗayan kuma yana tsinkewa.

Sai kuma tambayar da ba a cika yi ba, wato fatar wa aka gwada. Tun da alamar da ake nema ita ce ja, dole a zaɓi mutanen da ja yake bayyana a fatarsu da wuri. Shekaru da dama ana amfani da rabe-raben da likitan fata Thomas Fitzpatrick na jami'ar Harvard ya ƙirƙiro a 1975, wanda ya kasa fata gwargwadon yadda take ƙonewa, ana ɗaukar rukuni na ɗaya zuwa na uku kawai, wato fararen fata. Rukuni na biyar da na shida, inda mafi yawan mutanen Afirka suke, daga baya ma aka ƙara su cikin jerin. Ƙa'idar 2019 ta maye gurbin tambayoyi da na'urar auna launin fata, amma har yanzu ta ajiye iyakar da baƙar fata ba ta shiga. Dalilin aiki ne ya kawo haka, domin baƙar fata tana buƙatar haske mai yawa kafin ta yi ja, jan kuma yana da wuyar gani, sai dai sakamakon shi ne ma'aunin ya yi shiru game da abin da ya fi damun mai baƙar fata, wato tabo da duhun da ke bin bayan ƙuraje da kuma baƙin da kan fito a kumatun mata masu ciki. An nuna cewa UVA mai dogon zango, har ma da hasken da ido ke gani, suna ƙara irin wannan duhu a fata mai launi, kuma lambar SPF ba ta cewa komai a kansu.

Saboda wannan rauni aka samar da gwaji na biyu domin UVA. Japan ce ta yi gaba a 1996 da wata hanya da ake haska fata da UVA zalla, a jira aƙalla sa'o'i biyu, a nemi da'irar farko da ta yi duhu mai ɗorewa, kuma daga nan aka sami alamar PA mai biye da alamun tarawa da ake gani a kayan ƙasashen Asiya, waɗanda suka kai huɗu tun 2013. Tarayyar Turai ta ba da shawara a 2006 cewa kariyar UVA kada ta gaza kashi ɗaya cikin uku na lambar SPF, kuma man da ya cika wannan sharaɗi shi ke ɗauke da haruffan UVA a cikin da'ira. Amurka ta ɗauki wata hanya a dokarta ta 2011, inda ta dogara da ma'aunin da masanin kimiyyar haske na Birtaniya, Brian Diffey, ya gabatar a 1994, wanda yake duba zangon da kashi 90 cikin 100 na dukkan abin da man yake shanyewa ya tsaya ƙasa da shi, kuma sai ya kai nanomita 370 kafin a yarda a rubuta cewa man yana kariya mai faɗi. Sharaɗin Turai ya fi na Amurka tsauri, shi ya sa ake samun man da ya ci jarrabawa a Amurka ya faɗi a Turai.

Yawancin gwajin UVA a yau ba a jikin mutum ake yin sa ba, ana yin sa ne a kan wani ƙaramin allon roba mai garai-garai, kamar santimita biyar a kowane gefe, wanda aka yi wa fuska ɗaya kaushi-kaushi domin ta kwaikwayi kwari da tudun fata. Ana ɗiga man a kansa, kusan miligiram 1.3 a kowane murabba'in santimita, a baje da yatsa, a ajiye shi a duhu ya bushe, sannan a sa shi cikin na'urar da ke aika haske ta cikinsa zango bayan zango, daga nanomita 290 har 400, tana rubuta abin da ya wuce a kowane mataki. Bayan haka sai a gasa allon a ƙarƙashin fitilar kwaikwayon rana, a sake aunawa, kuma wannan mataki na biyu yana da muhimmanci ƙwarai, domin wasu sinadaran kariya suna lalacewa a cikin hasken da aka sa su tare. Abobenzon, wanda yana cikin mafiya amfani wajen tare UVA, yana rasa ƙarfinsa a rana idan ba a haɗa shi da mai daidaita shi irin oktokirilin ba, saɓanin zinkoksayid da taitaniyom-dayoksayid waɗanda garin ma'adinai ne da haske ba ya rusawa. Akwai wani abu a wannan hanya da ya kamata a lura da shi. Ƙa'idar ISO mai lamba 24443 ta tanadi cewa a daidaita sakamakon allo da lambar SPF da aka samu a jikin mutum kafin a lissafa kariyar UVA, don haka idan lambar farko ta zo da kuskure ko da ha'inci, ta biyu ma ta gaji kuskuren.

Gwajin jure ruwa ba shi da wata sarƙaƙiya: ana shafa man, a sa mutum cikin kwamin ruwa na minti 20, ya fito ya bushe ba tare da tawul ba, ya sake shiga, sannan a auna lambar. Dokar Amurka ta yarda a rubuta minti 40 ko 80 kawai, ta kuma hana duk wata da'awar cewa ruwa ko gumi ba sa cin man sam.

Ƙona mutane domin sayar da kayan shafa abu ne da ya daɗe yana damun masana, ga tsada, ga jinkiri, ga kuma dogaro da idon mai dubawa da hannun mai shafawa, waɗanda suka sa ɗakunan gwaji biyu masu gaskiya suke iya ba da lambobi mabambanta a kan mai ɗaya, musamman idan lambar ta yi sama. Tun 1989 Diffey da Robson suka gwada auna SPF a kan filastar asibiti a madadin fata, amma sai a watan Disamba na 2024 hukumar ISO ta amince da sababbin hanyoyi biyu. Ta farko, mai lamba 23675, tana amfani da alluna iri biyu da hannun mutum-mutumi mai baje man da nauyi da sauri iri ɗaya kowane lokaci. Ta biyu, mai lamba 23698, tana aika ɗan haske kaɗan cikin fatar mutum ta auna abin da ya dawo, ta haɗa da sakamakon allo, ba tare da an kai ga ƙuna ba. Amfanin waɗannan hanyoyi ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi a fili yake, domin hanyar allo ba ta buƙatar a tara fararen fata goma kafin a tantance kwalba ɗaya.

Duk wannan tsari yana tsaye ne a kan amana, kuma an ga abin da ke faruwa idan ta karye. A jihar New York ta Amurka, mai ɗakin gwajin AMA Laboratories ya amsa laifinsa a gaban kotu, aka yanke masa ɗaurin shekara biyar a 2022, bayan ta bayyana cewa daga 1987 zuwa 2017 ɗakin yana gwada kaya a kan mutane ƙasa da adadin da yake rubutawa a rahoto, yana cike sauran da sakamakon ƙarya, ya karɓi sama da dala miliyan 46 daga kamfanoni a kan haka. A watan Yuni na 2025 kuma ƙungiyar kare masu saye ta Ostiraliya, CHOICE, ta sayi mayuka 20 masu lamba 50 ko sama da haka daga kantuna ta kai su gwaji, 16 suka kasa kai lambar da ke jikinsu, ɗaya ma ya ba da 4, da aka sake gwada shi a Jamus ya ba da 5, daga baya aka janye shi daga kasuwa tare da wasu da aka haɗa da tushe iri ɗaya. Wannan ya faru ne a ƙasar da take cikin mafiya fama da sankarar fata a duniya, mai dokoki masu tsauri, kuma abin da ya tona asirin shi ne wani ya ɗauki kwalba daga kan kanta ya sake aunawa, maimakon ya gamsu da takardar da kamfani ya miƙa.

Kada wannan ya sa a yi zaton man ba shi da amfani, domin akwai hujjar da ta fi ta ɗakin gwaji ƙarfi. A garin Nambour na jihar Queensland a Ostiraliya, Adele Green da abokan aikinta sun raba mutum 1,621 gida biyu daga 1992 zuwa 1996, rukuni ɗaya yana shafa mai lamba 16 kullum a kai da wuya da hannuwa, ɗayan yana shafawa yadda ya ga dama. Masu shafawa kullum sun sami raguwar kusan kashi 40 cikin 100 na wani nau'in sankara mai tasowa daga saman fata, kuma da aka bi su shekara goma bayan kammalawa, an sami sabuwar sankarar melanoma, wadda ita ce mafi kisa, 11 a cikinsu, 22 a ɗaya rukunin.

Mai sauraro a Kano ko Damagaram yana iya cewa wannan duka matsalar Turawa ce, kuma yana da ɗan gaskiya, domin wani bincike na 1979 da Kaidbey da abokansa suka yi a Amurka ya kiyasta cewa saman baƙar fata yana ba da kariyar da ta kai kusan lamba 13, na farar fata kuma kusan 3, kuma sankarar da rana ke jawowa ba ta da yawa a tsakanin baƙaƙe. Amma a cikin gidajen nan akwai waɗanda ba su da wannan garkuwa. Akwai masu shafa man bilicin, waɗanda suke rage launin da ke kare su da hannunsu, su fita cikin rana da fatar da ta yi laushi. Sama da kowa kuma akwai zabiyoyi, waɗanda aka haifa jikinsu ba ya samar da melanin, wato sinadarin launin fata, ko kuma yana samar da kaɗan, suna zaune a yankin da ma'aunin ƙarfin ultrabayolet na duniya yakan kai 11 ko ya wuce a watannin bazara, matakin da aka ware a matsayin mafi tsanani. Tun 1975 likita A. N. Okoro ya wallafa binciken da ya yi a kan zabiyoyi 1,000 a Najeriya, wanda ya nuna irin ɓarnar da rana take yi wa fatarsu tun suna ƙanana. Abin yakan fara da ɓawo mai kaushi a kunne, ko leɓe, ko ƙeya, ko bayan hannu, wanda iyaye kan ɗauka kirci ne, ya zama gyambon da ba ya warkewa, kuma da yawa ba sa isa asibiti sai ya ci nama. Hazon hunturu ma ba mafaka ba ne, domin sanyin iska ba ya nufin ultrabayolet ya ɗauke.

Ga yaron da yake zabiya, bambancin lamba 50 ta gaskiya da lamba 50 ta ƙarya ya fi ƙarfin asarar kuɗi, domin uwar da ta shafa masa mai ta sake shi ya tafi makaranta ko kiwo ta yi hakan ne bisa yarda da abin da aka rubuta, kuma man bogi ya fi rashin mai haɗari, tun da yana cire tsoron da zai sa a nemi inuwa, a sa malfa da riga mai dogon hannu, waɗanda su ne kariya ta farko kafin a zo ga mai. A watan Satumba na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man kariya daga rana cikin jerin muhimman magunguna, musamman saboda zabiyoyi, kuma a garin Moshi na Tanzaniya an daɗe ana haɗa irin wannan mai a cikin gida ana raba musu, abin da ya nuna cewa aikin bai fi ƙarfin ƙasashen Afirka ba. Amma kwalbar da ta ci gwaji a Turai, ta yi makonni a cikin kwantena, ta zo ta kwana a kan teburin ɗan tireda cikin zafin watan Afrilu, ba lallai ne ta kasance yadda aka gwada ta ba, domin zafi yana raba ruwa da maiƙon da aka haɗa man da su, shimfiɗar ta lalace, ban da jabun da ake kwaikwayon kwalbarsa. Lambar rajista tana nuna cewa an gabatar da takardu an duba, ba ta nuna halin da abin da ke cikin kwalbar yake ciki a ranar da aka saya.

Saboda haka ake kira ga hukumar NAFDAC a Najeriya da takwarorinta a Nijar da Gana da Kamaru, tare da sassan haɗa magunguna da na cututtukan fata a jami'o'i, da su mallaki na'urar auna haske da allunan gwaji, su horar da ma'aikata a kan sababbin ƙa'idojin 2024, su riƙa sayen mayukan nan daga kasuwa kamar kowane mai saye suna aunawa, su kuma buga sakamakon da sunan kowane mai a harsunan da jama'a ke ji. Gwamnatocin jihohi da ƙungiyoyin da ke raba wa zabiyoyi mai kyauta su ma kada su raba kwalbar da ba a sake gwada ta ba bayan ta iso ƙasar.